Batirin jel ko na ruwa: wanne ya dace da solar gida a zafin Birnin Kebbi?

Duka biyun dalma ne da asid. Bambancin yana cikin ruwan. A batirin jel an haɗa asid da garin silika har ya daskare kamar kamu, shi ya sa ba ya zuba kuma ba a ƙara masa ruwa. Sai dai ayon, ƙwayoyin da ke ɗaukar caji tsakanin farantan dalma na cikin batir, ba sa gudu a cikin jel kamar yadda suke yi a ruwa. Saboda haka jel ya fi dacewa da ja a hankali: fitilu, fanka, talabijin. Idan aka ɗora masa firiza ko injin famfo, wutarsa kan faɗi lokacin da injin ke tashi, inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ta yi ƙara.

Caji ne ke kashe yawancin batiran jel. Batirin jel mai 12V yana son caji a ƙarfin wuta 14.1 zuwa 14.4V, idan ya cika kuma ya zauna a kan 13.5 zuwa 13.8V. Aka wuce haka, iska ta taru ta bar ramuka a jikin jel, wurin ya bushe, ayon su rasa hanya, kuma babu gyara. Mai 200Ah (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) kada wutar cajinsa ta haura 40A. Kafin ka biya, duba ko kwantirolarka, na'urar da ke kula da caji tsakanin faifan solar da batir, tana da saitin jel, ka kashe cajin daidaitawa mai kaiwa 15V, domin wannan na batirin ruwa ne kaɗai.

Ga kuma zafi. Ana auna rayuwar batir a digiri 25, kuma kowane ƙarin kusan digiri 10 yana raba ta biyu. A watan Afirilu nan ana haura 40, to ɗaki mai rufin kwano ba silin ba wurin batir ba ne.

A nan mai ruwa, wato tubula, ya fi haƙuri: ruwan da zafi ya shanye kana iya mayarwa da tataccen ruwan batir, ba na rijiya ba. Amma yana son dubawa duk wata da ɗaki mai iska, don yana fitar da haidirojin, iska mai saurin kama wuta. Wanda zai kula, tubula muke ba shi shawara ya saya. Jel na wanda ba shi da lokaci ne, kuma kayansa marasa nauyi.

Kowanne ka ɗauka, kada ka sha fiye da rabin cajinsa. Ka kuma sa a ɗora a sikeli: jel na gaske mai 200Ah yana kai kilo 55 zuwa 65. Wanda bai kai 50 ba, an rage masa dalma.