Na kwana a garin 'yan haƙar azurfa, sai Bisichi ke faɗo min

Yaya salamu alaikum, ya gida, ya sanyin Jos, ya Inna da ƙafar tata? Ka ce in ba ka labarin tafiyar da na yi a hutun nan, to ga shi.

Wani abokin aikina ɗan Japan ne ya ja ni zuwa Omori, ɗan ƙauye a jihar Shimane a nan Japan, daga Hiroshima kusan awa uku a mota. Nan ramin azurfar Iwami Ginzan yake, tun wajen 1526 ake haƙa har aka rufe a 1923, kuma a 2007 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya. Garin da a da ya cika maƙil da leburori da fatake yanzu mutum ɗari huɗu ne ko kusa da haka, layi ɗaya dogo tsakanin duwatsu, gidajen katako, tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ni ina sauka sai labarin da Kaka ke ba mu na zamanin kuza ya faɗo min, lokacin da garuruwan haƙar kuza na wajen Jos, Bisichi da Dorowa, ba sa barci.

Masaukin namu tsohon gida ne da aka gyara, ya haura shekara ɗari biyu, ba su rushe komai ba, ginshiƙan nan baƙaƙe da hayaƙin murhun zamanin da suna nan yadda suke. Takalmi a bakin ƙofa kamar za ka shiga masallaci, ɗaki kuma babu gado sai tabarmarsu da suke cewa tatami, da dare a shimfiɗa maka katifa a ƙasa, wallahi sai na ga ai ɗakin Inna ne aka ƙara wa tsafta. Amma bayan gida na zamani ne, mazaunin da ɗumi kuma yana fesa ruwa da kansa, butar da na sako a jaka ko fito da ita ban yi ba. Ruwan zafi ba yankewa, wuta ko ƙiftawa, ba ƙarar janareta. Kuɗin kam akwai ciwo, kan mutum suke lissafi ba kan ɗaki ba, da abincin dare da na safe a ciki, kwana ɗaya ya cinye min kusan ladan aikin kwana uku, kuma babu zancen a rage min, farashin da aka rubuta shi ke nan, ihisani ma ba sa karɓa.

Da na yi ƙorafi abokina ya ce ai dalilin zuwansa kenan. A ƙasar nan gidajen da ba kowa ciki sun kai miliyan 9 a ƙidayar 2023, matasa duk sun gudu Tokyo da Osaka. Wanda ya zo da rana ya ɗau hoto ya koma bai bar wa garin komai ba, amma in ka kwana, kuɗinka ya shiga hannun kafinta mai gyaran rufi, da tsohuwar da ta nomo kayan lambun, da mai kifi, da yarinyar da ta baro birni ta dawo tana aiki a masaukin. Sai na ji kuɗin ya ɗan rage zafi, ɗan kaɗan dai.

Abinci shinkafa ce ba mai ba yaji, da kifi da ganyaye a ƙananan kwanuka kusan goma, tun kafin mu zo na ce ban da alade ban da giya a girki, kuma sun kiyaye. Sai dai na tashi da sauran wuri a cikina, na fita bayan isha'i neman abin taɓawa, ko shago ɗaya babu a buɗe sai injin sayar da lemo, shi ma sun lulluɓe shi da katako don kar ya ɓata kamannin garin. Nan na yi kewar Terminus ta Jos, mai shayi da mai tsire har tsakar dare, ga wanda zai ba ka bashi don ya san gidanku. Wannan kam mun fi su nesa ba kusa ba.

Da safe muka hau keken haya zuwa ramin Ryugenji, don ba a barin motar baƙi ta shiga can. Har yanzu ana ganin sawun kurfi a jikin dutsen, mai mana bayani ya ce ƙura kan kashe masu haƙa da wuri, wanda ya kai shekara 30 har walima ake masa. Mu kuwa namu, tun da farashin kuza ya faɗi a 1985 me ya rage? Kududdufai masu cin yara da shanu, da gidajen turawan kamfani na dutse a wajen Bukuru da Barkin Ladi, ga yanayin da mutanen Abuja za su biya kuɗi su zo sha in da kwanciyar hankali ta zauna.

Don Allah in ka samu sarari ka leƙa Bisichi ka ɗauko min hoton layin leburorin da Kaka ya zauna in yana nan, abokina ya matsa sai ya gani. Kuma in an samu mai tahowa a haɗo min da yajin tsire ban da kilishi, kilishin ba za su bari ya shigo ba, yajin kawai.