Masaukin kwanan haɗaka a gefen Samaru: araharsa da abin da ke cinye ta

A Zariya, in ka ɗauki titin Sakkwato daga Kwangila, ka wuce Hanwa da Palladan ka nufi Samaru, a lungunan da ke bayan titi akwai gidajen da aka mayar masaukin baƙi masu araha. Ba otal ba ne, kuma masu su ba sa cewa otal ne. Kuɗin gado ake biya ba na ɗaki ba. Yawanci gida ne mai tsakar gida da ɗakuna a jere, kowane ɗaki da gadaje masu hawa biyu guda biyu zuwa huɗu, ban ɗaki na kowa da kowa a ƙarshen baranda, ɓangaren mata daban da na maza. Masu kwana a ciki sanannu ne: yaran da suka zo jarrabawar tantancewa ta Jami'ar Ahmadu Bello, masu jinya a asibitin koyarwa na Shika da ba su samu wurin shimfiɗa ba, iyayen da suka zo bikin yaye ɗalibai, da masu kwas na 'yan kwanaki a cibiyoyin da ke hanyar Basawa.

Hukuncin a taƙaice shi ne, wurin ya yi wa wanda hidimarsa take wannan ɓangaren. Wanda kuwa abin da ya kawo shi yana cikin birni, ko Tudun Wada, ko Kongo, to arahar ta ido ce kawai. Daga Samaru zuwa Ƙofar Doka ya haura kilomita goma, kuma sau da yawa ba hawa ɗaya ba ne: bas ko Keke Napep zuwa Kwangila ko Sabon Gari, sannan a sake hawa wani. Zuwa da dawowa hawa huɗu ke nan a yini. Ɗora wannan a kan kuɗin gado, ka ƙara na ruwan sha da na abinci sau uku tunda ba a girki a gidan, sai ka gwada da farashin ɗaki ɗaya a kusa da inda kake da aiki. Mutum biyu da ke tafiya tare su ma su yi wannan lissafin, domin gado biyu kan zo daidai da ƙaramin ɗaki mai ban ɗakinsa.

Abin da ya fi raba gida mai kyau da na banza a nan shi ne ruwa. Kusan duk irin waɗannan gidaje da burtsatse suke aiki, injin sumo ya ɗaga ruwa zuwa tankin roba a kan hasumiya, daga can ya sauko famfo. Tankin da aka fi gani mai cin lita 2,000 ne. Mutum ɗaya, in aka haɗa bokitin wanka na lita 15, da na kora ban ɗaki sau biyu ko uku, da butar alwala sau biyar, yana shan kusan lita 50 a yini ko bai yi wanki ba. Ke nan mutum arba'in sun ishe su shanye tanki guda kafin magariba. Sumo mai ƙarfin doki ɗaya yana jan kusan wat 750, kuma lokacin tashi yana buƙatar ninkin haka, shi ya sa ƙaramin janareta ba ya iya tayar da shi. In an kwana biyu ba a kawo wuta ba kuma gidan ba shi da babban inji ko sola, za ka murɗa famfo ya yi maka huci, ya ɗiga jan ruwa sau biyu ya yi shiru. Daga nan sai 'yan garuwa, kuma a wasu gidajen baƙo ne ke biyan kuɗin jarka. Don haka kafin ka biya ko sisi, shiga ban ɗakin da kanka, ka buɗe famfo, ka dubi ko akwai durom na ajiya cike a gefe. Gidan da ya ajiye durom ya san aikinsa. Lokacin wanka mafi dacewa shi ne kafin asuba ko bayan ƙarfe tara na safe, tsakaninsu layi ne.

Wuta ita ma a tambaya, kuma wanda ake tambaya maigadi ne ba manaja ba. Manaja zai ce maka akwai wuta. Maigadi kuwa in ka gaishe shi da kyau ka ce, "Baba, ƙarfe nawa ake tayar da inji, kuma ƙarfe nawa ake kashewa?" zai faɗa maka yadda abin yake. Tsarin da aka saba shi ne a kunna bayan magariba a kashe kafin tsakar dare. A watan Maris da Afrilu wannan na nufin fanka za ta tsaya daidai lokacin da kwanon rufi ke sauke zafin da ya sha tun rana, kuma mai gadon sama shi ke fara ɗanɗanawa. A bazara nemi gadon ƙasa kusa da taga. A hunturu, Disamba da Janairu, abin ya juya: sanyin asubar Zariya ba wasa ba ne, gadon sama nesa da taga ya fi, kuma ka zo da bargonka, domin abin da za a ba ka zanen gado ne guda.

Gidajen da suka sa sola sun fi daɗin zama, sai dai suna da doka, kuma dokar tana da dalili. Fankar sama ba ta wuce wat 75, cajin waya bai kai ya kawo ba, amma hitar dafa ruwa tana jan wat 1,000, dutsen guga ma haka, butar lantarki ta fi su. Mutum ɗaya ya jona hita a ɓoye don ruwan wanka, inbata, wato na'urar da ke juya wutar batirin sola zuwa ta gida, ta yi ƙara ta ɗauke, gida duka ya shiga duhu. Mai son ruwan zafi ya yi magana da mai shayin bakin layi tun da dare. Soket kuma sau da yawa ɗaya ne ko biyu ga mutum takwas, saboda haka wayar jona soket mai baki huɗu tana cikin kayan tafiya, kuma kar a bar waya a caji a fita sallah.

Sai gado. Katifar mai faɗin ƙafa uku ce, kaurinta inci huɗu, in an yi sa'a shida, wani lokaci an naɗe ta da leda mai kauri. Ledar tana sa gumi amma alama ce mai kyau, domin kuɗin cizo ba ya samun maɓoya a jikinta. Yadda ake dubawa: yaye zanen gadon, haska fitilar waya a kan ɗinkin gefen katifa, ka bi shi da yatsa har kusurwa. Ɗigo-ɗigo baƙi kamar an yayyafa tawada kashinsa ne, jan tabo kuma wanda aka murƙushe ne cikin barci. Dubi mahaɗar gadon ma. Na katako ya fi tara su saboda tsagogi, na ƙarfe da sauƙi. In manaja ya ce "ai jiya aka yi feshi", wannan ba amsa ba ce, domin feshin gama-gari ba ya kashe ƙwai, kuma cikin mako guda zuwa kwana goma sun ƙyanƙyashe. Ɗakin da ke warin fiya-fiya kuwa kar a kwana cikinsa a rufe, musamman mai asma ko mai ƙaramin yaro. Jaka a rataye ta a ƙusa ko a ɗora kan kujera, kar ta kwana a kan katifa, in ba haka ba sai ka kai wa iyalinka tsarabar da ba su aike ka ba.

Sauro na damina ne, daga Yuni zuwa Oktoba. Ragar taga kan yage a kusurwar ƙasa inda ake tura hannu a buɗe gilashi. Gidan sauro na mutum ɗaya da igiya mita huɗu sun wadatar, kuma a gadon ƙasa ɗaurawa ba wuya tunda ƙarfen gadon sama yana nan. A damina a lura da layin gidan ma, domin yawancin lungunan ba kwalta, ruwa ɗaya mai ƙarfi sai mai keke ya sauke ka a bakin titi ya ce nan ya tsaya.

Ta fuskar tsaro, ƙofar gida ana rufe ta da dare, galibi tsakanin goma da sha ɗaya, mai jinya da zai dawo daga Shika a makare ya karɓi lambar maigadi tun da rana. Ana rubuta suna a littafi, ana kuma duba katin shaida, gidan da bai tambaye ka komai ba bai tambayi wanda zai kwana a gadon kusa da kai ba. Inda akwai loka ta ajiye kaya, kwaɗon naka ne, ka zo da shi. Takardun makaranta da kuɗi su kwana a ƙarƙashin matashi.

Abinci ba matsala ba ne a wannan yankin, albarkacin ɗalibai. Ƙosai da koko da safe, shinkafa da wake da rana, mai shayi da indomi da ƙwai har dare, ga masu tsire a bakin titi, masallaci kuma ba ya nisa da kowane layi. Hayaniya dai sai haƙuri: wani na karatun jarrabawa da fitila, wani na waya da gida, wani zai tashi ƙarfe huɗu ya kama motar Kano.

Wajen biya, kar a ba da kuɗin kwana biyar a dunƙule. Biya na dare ɗaya, ka ga yadda ruwa da wuta suka kwana, sannan ka ƙara, domin kuɗin da ya shiga aljihun manaja da wuya ya dawo. Karɓi rasit ko da a takardar littafi ce, da lambar gado da ranar fita a jiki, ka kuma tambayi lokacin sallama, wanda yawanci sha biyun rana ne, in ka wuce a lissafa maka sabon kwana. A makon jarrabawar tantancewa da na yaye ɗalibai gadaje na ƙarewa tun kwana biyu kafin ranar, farashi ya hau, wasu gidajen har su shimfiɗa ƙarin katifu a ƙasa tsakanin gadaje. A irin wannan makon, ɗakin mutum takwas yakan kwana da sha biyu, tankin kuma shi ne dai mai lita 2,000.