Dragon Age II: sau biyu na gama shi, har yanzu raina bai huce ba

Tun kafin na yi nisa, duk wanda bai buga gem ɗin nan ba, wato wasan kwamfuta na Dragon Age II, kuma yana da niyyar bugawa to ya sani zan faɗi ƙarshen labarin, don babu yadda za a yi in bayyana abin da ya ɓata min rai ban taɓo wajen ba.

Ni dai da Dragon Age: Origins na fara, shi ne gem na farko a jerin. Ba a 2009 da ya fito na buga ba, sai bayan shekaru da na samu wata laftop ta hannu wadda za ta iya ɗaukarsa, fankarta na ƙara kamar injin markaɗe amma tana yi. Tun a farko gem ɗin ya ba ni zaɓin asali har guda shida, ko ɗan gidan sarauta, ko mai sihiri da aka kulle a hasumiya, ko elf (wasu halittu masu kama da mutane masu dogayen kunnuwa) na birni ko na daji, ko wada ɗan sarki ko wada talaka. Na ɗauki wada talaka na Dust Town, can ƙarƙashin Orzammar, birnin wadanni, waɗanda ake yi wa tambari a fuska don kowa ya san ba su da asali, ba a ɗaukarsu aiki, ko kallon arziki ba a yi musu. Ina da yaya mace a labarin sunanta Rica. To bayan awanni masu yawa ina yawo a ƙasar Ferelden a matsayin Grey Warden, wato ɗan rundunar da ke yaƙar dodanni, sai labari ya dawo da ni Orzammar, sarki ya mutu ana rigimar gado tsakanin Bhelen da Harrowmont, kuma ni ne zan raba gardama. Harrowmont dattijo ne mai mutunci amma ba ya son a taɓa tsarin da ya mayar da irina bayi, shi kuma Bhelen azzalumi ne da ya ci amanar 'yan'uwansa na jini amma shi ne ke son a sassauta wa marasa asali, kuma ga yayata Rica a gidansa ta haifa masa ɗa. Wallahi sai da na tsayar da gem ɗin na tashi na yi sallar isha na dawo ban yanke shawara ba. Ƙarshe na naɗa Bhelen, raina bai so ba amma na naɗa shi, kuma da aka zo ƙarshen gem sai aka rubuto min abin da ya biyo bayan wannan zaɓin nawa. Haka maganar yaron nan Connor na Redcliffe da aljani ya shiga jikinsa, ko ka kashe shi, ko uwarsa ta ba da ranta, ko ka yi doguwar tafiya ka nemo taimakon masu sihiri. Komai da nauyinsa.

Da wannan zuciyar na shiga Dragon Age II. Na ɗauko seb ɗina na Origins, wato fayil ɗin da ya adana duk zaɓin da na yi, na loda a ciki ina murna zan ga duniyar da na gina da hannuna.

Abu na farko, babu wada babu elf. Mutum ɗaya ne, Hawke, ɗan adam, namiji ko mace, sai ka zaɓi jarumi ko ɗan sari-ka-noƙe ko mai sihiri shikenan. Na ce to ba komai, tunda labari ne na mutum ɗaya wataƙila zai fi zurfi. Kuma gaskiya farkon ya kama ni, iyali ne suka gudo daga Lothering yaƙi ya cinye garinsu, a hanya aka kashe ƙanina Carver a gaban mahaifiyarmu, muka tsallaka teku zuwa Kirkwall muna tunanin akwai gidan gado na dangin uwa, ashe kawu Gamlen ya cinye komai a caca, ga 'yan gudun hijira jibge a bakin ƙofa an hana su shiga. Sai da Hawke ya yi shekara guda yana yi wa wasu bauta don biyan bashin kuɗin shigarsu gari da aka biya musu. Duk wanda ya taɓa ganin mutanen da rikici ya koro daga garinsu zai ji wannan wajen a jikinsa. A nan na ce lallai za a yi abu.

Sai aka fara aika ni kogo.

Jama'a kogon nan guda ɗaya ne. Ka je Sundermount kogon ne, ka je Wounded Coast shi ne, ka je Bone Pit shi ne dai, abin da kawai suke yi shi ne su toshe wata ƙofa da dutse su buɗe wata, ko su shigo da kai ta baya, kuma abin da ya fi ƙona min rai ƙaramar taswirar da ke gefen allo ba su ma gyara ta ba, tana nuna maka hanya ta ci gaba amma kana zuwa sai ka tarar da bango. Ranar farko na fi minti goma ina zagaye ina neman makunnin da zai buɗe wata ƙofa don na ɗauka wani sirri ne aka ɓoye, babu komai, ƙofar ta wani mishan ce daban, wato wani aikin da gem ɗin zai aika ka. Haka sito ɗaya ne a duk tashar jirgin ruwa, gidan masu kuɗi ɗaya ne a duk Hightown, ko gidan waye ka shiga matattakalar nan ce da ɗakunan nan. A Origins na ratsa dajin Brecilian, na hau hasumiyar masu sihiri, na shiga Deep Roads har na gaji da duhu, na je Denerim, kowane waje da kamanninsa da mutanensa. A nan kuwa unguwannin Kirkwall ne kawai, Hightown, Lowtown, Darktown, tasha, Gallows, sai ka sake dawowa da dare ka zaga su kuma. Zama a gari ɗaya ba laifi ba ne in garin yana canzawa, amma labarin yana tsallake shekara uku-uku har sau biyu kuma mai shagon da ka bari a tsaye yana nan a tsaye a inda yake. Gidan da abokin tafiyata Fenris ya ƙwace ya zauna a ciki, gawarwakin da ke ƙasa tun farko suna nan kwance bayan shekara shida, ba wanda ya ɗauke, haba dan Allah.

Faɗa kuma wani ciwon ne. A kwamfuta Origins yana barinka ka ja kyamara sama ka ga filin gaba ɗaya, ka tsayar da lokaci, ka tsara abokan tafiyarka, ka ajiye Alistair a bakin ƙofa ya tare hanya, Wynne a baya tana warkarwa, Morrigan ta daskarar da na gaba. In ka ci faɗa ka san dabararka ce ta ci. A na biyu sun cire wannan kyamarar, sannan abokan gaba zuwa suke rukuni-rukuni, ka gama da na farko ka tsara mutanenka sai kawai wasu su diro daga sama ko su ɓullo ta bayanka daidai inda ka ɓoye mai warkarwa, duk tsarin da ka yi ya tashi a banza. Da dare in kana wucewa unguwa 'yan daba sai su yi ta dirowa daga rufin gidaje kamar ruwan sama, har ka fara tambayar kanka mutum nawa ne ma suka rage a garin. Eh faɗan ya fi sauri, ya fi kyan gani, mai sihiri yanzu yana juya sandarsa da salo ba tsayuwa kawai ba, wannan na yarda. Amma ni tunani na zo yi ba danne-danne ba.

Sulke ma haka, ka sha wahala ka samo mai kyau a hana ka saka wa abokan tafiyarka, Hawke ne kaɗai zai saka, in bai dace da shi ba sai dai ka kai kasuwa.

Akwai wani abu da ban cika jin ana faɗa ba amma ni ya dame ni sosai, wato yadda ake zaɓen magana. A Origins jimlar gaba ɗaya ake rubuto maka, ka karanta a nutse ka san me za ka faɗa, mu da Turanci ba yarenmu ba ne wannan ba ƙaramin taimako ba ne, wani lokacin har ƙamus nake dubawa a waya kafin na danna. A na biyu sun kawo da'irar nan irin ta gem ɗin Mass Effect, kalma biyu ko uku da alama, ko lallashi ko barkwanci ko zafi, kana dannawa sai Hawke ya faɗi wata doguwar magana da ba ita kake nufi ba. Akwai inda na zaɓi abin da na ɗauka tausasawa ce ga wanda ke cikin baƙin ciki sai ya fito kamar ina masa ba'a, dole na koma seb na baya.

Kar a ce ban yi adalci ba, akwai abubuwan da na so har zuciya, su ne ma suka sa na buga sau biyu. Varric aboki ne na gaske, kuma dabarar cewa shi ne ke ba Cassandra, mai yi masa tambayoyin bincike, labarin Hawke yana ƙara gishiri tana katse shi ta burge ni. Aveline mace mai amana, mishan ɗin da take son Donnic ta rasa yadda za ta faɗa masa sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Tsarin abota da adawa ya fi na Origins, don a nan za ka iya saɓa wa mutum kullum kuma ya ci gaba da girmama ka, ba sai ka yi ta tura masa kyauta ba. Sai kashi na biyu na labarin, Arishok shugaban yaƙin Qunari, wasu ƙattai masu ƙaho, da ya zauna a tasha shekaru yana kallon ruɓewar garin yana haƙuri har haƙurinsa ya ƙare, duk lokacin da na je gabansa sai na gyara zama. Da a nan gem ɗin ya tsaya da ban rubuta wannan dogon ƙorafin ba.

Amma ga inda aka karya min zuciya. Mahaifiyar Hawke, Leandra, wani mahaukacin matsafi ya sace ta, na bi sawun jini a Lowtown da dare hannuna har rawa yake a kan maus, na isa na tarar da abin da ya yi mata, ta mutu a hannuna. Na rufe laftop ɗin ban ƙara taɓawa ba sai bayan kwana biyu. Da na zo bugu na biyu na ce wannan karon sai na cece ta, na bi duk wani mishan da ya shafi mai kisan tun daga kashi na farko, na canza duk zaɓin da na yi a baya, ashe babu hanya, ko me ka yi sai ta mutu. Haka Anders, mai sihirin da ke cikin abokan tafiyarka, ko ka taimaka masa ko ka ƙi sai ya tarwatsa Chantry, wurin ibadar garin. Sai ƙarshen gaba ɗaya, an ce ka zaɓa tsakanin Meredith shugabar Templar, mayaƙan da ke tsare masu sihiri, da Orsino shugaban masu sihiri. A bugun farko na tsaya wa masu sihiri saboda ƙanwata Bethany tana cikinsu, muna cikin cin nasara babu wani dalili sai Orsino ya koma tsafin jini ya rikiɗe ya zama dodo na kashe shi, sannan na kashe Meredith. A na biyu na bi Templar, na kashe Orsino, sannan Meredith ta juyo kaina na kashe ta. To ina zaɓin yake? Wanda ya kwana yana tunanin Bhelen da Harrowmont shi aka kawo wa wannan.

Seb ɗin da na loda kuwa, abin da na gani bai taka kara ya karya ba, wani ɗan mishan a tasha na wani ɗan gidan Harrowmont da mutanen Bhelen ke farauta, sai Alistair da ya leƙo a matsayin sarki na 'yan mintuna. Abokina ma da ya kashe abokiyar tafiyarsa Leliana a Origins sai ga ta ta dawo da ranta kamar ba a yi ba.

Daga baya na duba kwanan wata na gane bakin zaren, Origins ya fito Nuwamba 2009, na biyun Maris 2011, wata 16 kenan a tsakani, kuma a cikin wannan lokacin har da ƙarin Awakening da suka fitar a 2010. Gem irin wannan ba ya dahuwa a wata 16, shi ya sa kogo ɗaya, shi ya sa kashi na uku ya zo a gurguje. Marubutan BioWare, kamfanin da ya yi gem ɗin, sun yi ƙoƙari, ana ganin hannunsu a kan Varric da Arishok, lokaci ne bai ishe su ba, sai dai ni mai bugawa abin da ke gabana shi zan yi wa hukunci. Gem na uku, Inquisition na 2014, ya gyara wasu abubuwan, ya dawo da zaɓin wada da elf har da Qunari, ya ci kyautar gem ɗin shekara, duk da shi ma yankinsa na Hinterlands ya cika da aike-aiken banza. Sai na huɗu, The Veilguard na Oktoba 2024, da ya ɗauko zaɓi uku kacal daga Inquisition, na Origins da na biyu ko ɗaya babu, wato wadana na Dust Town da yayarsa Rica da sarkin da na naɗa duk an shafe su.

Maki na ga Dragon Age II shida ne cikin goma, huɗu daga ciki na abokan tafiya ne da Arishok. In ka same shi da rangwame ka saya ka buga, amma ka sa shi a mataki mai sauƙi don faɗan ba ya buƙatar dogon tunani, ka bar ƙananan mishan na kogo, ka riƙa zuwa mashayar Hanged Man kana hira da Varric. Kuma dan Allah kar ka shige shi washegarin da ka gama Origins kamar yadda na yi, ka bari a ɗan kwana biyu. Ni yanzu na koma Origins karo na huɗu, wannan karon da elf na birni, ina Ostagar ban ma kai ga hasumiyar Ishal ba tukuna.