Darussan Teen Triple P ta intanet: abin da na gani a gidana

Shirin Triple P, mai koya wa iyaye dabarun tarbiyyar 'ya'ya, ya samo asali ne daga Jami'ar Queensland da ke Ostareliya, inda Farfesa Matt Sanders da abokan aikinsa suka tsara shi, kuma ɓangaren da na bi shi ne wanda aka keɓe wa iyayen matasa, mai darussa 6 da ake buɗewa a waya ko kwamfuta. Kowane darasi yana ɗauke da gajerun bidiyo da tambayoyi, sannan da aikin da mutum zai je ya gwada a gida.

A ganina wannan aikin shi ne gishirin shirin, domin ɗana mai shekara 14 bai taɓa kallon darasi ko ɗaya ba, abin da yake lura da shi kawai shi ne ko mahaifinsa ya sauya hali. Rigimarmu a da ba ta wuce ta waya da daddare, in yi faɗa in ƙwace, shi kuma ya shige ɗaki ya yini bai ce mini uffan ba. Darussan sun sa na zaunar da shi lokacin da ran kowa yake kwance, muka rubuta yarjejeniya cewa zai ajiye wayar a falo ƙarfe 10, in ya saɓa ya rasa ta kwana ɗaya, maimakon wata gudan da nakan furta cikin fushi in kasa cikawa. Yaba masa a ranar da ya cika alkawari ya fi mini wuya, don bakina bai saba ba.

Inda na gaza shi ne bayan darasi na 3, da hidima ta sha kaina na yi mako uku ban leƙa ba, kuma karatun da mutum yake yi shi kaɗai ba ya da malamin da zai tambaye shi inda ya kwana. Mahaifiyarsa ce ta fara lura cewa tsawata ta dawo, wayar ma ta koma ƙarƙashin matashin kai, sai muka riƙa buɗe sauran darussan tare.

Da Turanci na bi darussan, kuma wanda ɗansa yake fama da matsananciyar damuwa ya fara kai shi wurin likita tukuna.