Redoc na ba baƙi, Swagger UI na bar wa 'yan gida

Wata takwas ke nan da na mayar da shafin bayanin API ɗinmu, wato hanyar da wasu manhajoji ke magana da tamu, kan Redoc, manhajar da ke shimfiɗa irin wannan bayani. Manhajar tamu ba wata babba ba ce, ta lissafin kaya da bashin 'yan kasuwa ce, kuma da FastAPI, wani tsarin gina API da yaren Python, muka gina ta. Duk wanda ya taɓa FastAPI ya san tun ranar farko yake ba ka shafi biyu kyauta: /docs, wato Swagger UI, da kuma /redoc. Fayil ɗaya suke karantawa, na OpenAPI, wanda ke zayyana duk abin da API ɗin ke yi, sai dai kowanne da irin shimfiɗarsa.

Da can Swagger UI muke tura wa kowa. Tsohon hannu ne, tun 2011 ake damawa da shi. Jeri ɗaya ne dogo na ƙofofi, wato adireshin da ake aika buƙatu: GET na karɓo bayani shuɗi, POST na saka sabo kore, PUT na gyara ruwan lemo, DELETE na gogewa ja. Lokacin da ƙofofinmu ba su wuce 12 ba, lafiya lau. Da suka haura 60, sai ka yi ta gangarawa har yatsa ya gaji, ka buɗe wannan, wancan ya ɓace maka.

Amma ba wannan ne ya kore ni ba. Akwai maɓallin gwaji a jikin kowace ƙofa, wanda ke aika buƙata ta gaske. Ni da kaina na bar shafin yana kallon sabar aiki maimakon ta gwaji, na kuma miƙa mabuɗin shiga ga wani yaro da ya zo koyon aiki. Ya ga ja, ya danna. Sai ga shi a bakin teburina, jiki a sanyaye: "Yallaɓai, wai ba gwaji ba ne?" Ashe ya shafe kwastoma guda da duk bashinsa. Allah ya taimaka muna da kwafin bayanan da muka ajiye daren da ya gabata. Ban yi masa faɗa ba, don ni na yi sakaci.

Redoc kuwa gida uku ya raba allo, irin tsarin da Stripe, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ya yi suna da shi. Hagu jerin ƙofofi da wurin bincike, tsakiya bayani, dama kuma bango mai duhu ɗauke da misalin abin da za ka aika da abin da zai dawo. Idonka na kan bayanin, misalin na gefe, ba sai ka yi sama da ƙasa ba. Inda ya fi burge ni shi ne JSON mai ciki da ciki, wato tsarin rubuta bayanan da ake aikawa da karɓa. Rasiɗinmu na ɗauke da kaya, kowane kaya da farashi da rangwame, kuma Redoc na warware su hawa-hawa, ya nuna wanne ne dole, wanne ne ganin dama. Da saitin x-tagGroups a fayil ɗin OpenAPI na kasa ƙofofin zuwa Kaya, Bashi da Rahoto, da saitin x-codeSamples kuma na saka misalan curl, umarnin aika buƙata, da na yaren PHP, tunda yawancin masu haɗawa da mu PHP suke rubutawa. Tambayoyin WhatsApp na tsakar dare sun ragu sosai.

Yana da nasa gibin. Na kyauta ba shi da maɓallin gwaji, sai dai mutum ya koma Postman, manhajar gwada API, kuma wasu sun yi ƙorafi. Haka nan bai dace da dogon darasi irin na "fara daga nan" ba. Yana karɓar Markdown, tsarin rubutu mai kanun labari da jeri, amma shafi ɗaya ne zai yi ta tsawo, don haka darussan na kai su MkDocs, manhajar gina shafukan darussa. Sai batun netwok: FastAPI daga intanet yake jawo fayil ɗin JavaScript na shafukan biyu, ranar da sabis ya yi rauni farin allo za ka zauna kallo. Na sauke fayil ɗin Redoc, wato redoc.standalone.js, na ajiye a sabarmu, magana ta ƙare.

Swagger UI na nan ban goge shi ba. Yana sabar gwaji, mu huɗu kawai muke da adireshin, har da yaron nan, wanda yanzu shi ke kula da fayil ɗin OpenAPI ɗin.