Sharhi kan na'urar tuƙin Steel Battalion da na saya ta hannu

Wata huɗu ke nan da na'urar tuƙi ta Steel Battalion, wasan bidiyon da ake tuƙa ƙaton mutum-mutumin ƙarfe na yaƙi a cikinsa, ta iso gidana, kuma sai yanzu zuciyata ta yi sanyin da zan iya rubutu a kanta ba tare da na ci mutuncin kowa ba. Ta hannu na saya, domin tun 2002 kamfanin Capcom ya fitar da ita don na'urar wasan bidiyo ta Xbox ta farko, a kan dala 200 a wancan lokaci, kuma an daɗe da daina ƙera ta. Masu neman irin waɗannan tsofaffin kaya sun san yadda kuɗinta ya kai a yau, sun kuma san abin da dakon kwali mai wannan girma yake ci, saboda haka ba zan tsaya lissafi ba. Uwargida ma har gobe ba ta san ainihin kuɗin ba.

Ba son wasan bidiyo ne ya kai ni ga sayenta ba, wata tsohuwar gardama ce tsakanina da ƙanena. Tare muka tashi muna kallon anime, wato finafinan zane na Japan, na manyan mutum-mutumin ƙarfe, shi kuwa da ya girma ya zama direban katafilar haƙa, sai ya fara raina abin da muke kallo. Hujjarsa ita ce sanduna biyun da ke hannunsa a wurin aiki motsi huɗu kacal suke ba shi: ɗaga babban hannu, miƙa ƙaramin hannu, naɗe bokiti, da juya jikin motar. Hannun ɗan Adam kuwa, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, hanyoyin motsinsa bakwai ne, ba a ma zo kan yatsu ba. To ta yaya yaron da ke cikin shirin anime na Gundam na 1979, da sanduna biyu da feda, zai sa ƙarfe mai tsawon mita 18 ya durƙusa, ya zare takobi, ya ɗauki mutum a tafin hannu bai murƙushe shi ba? Masu shirya waɗannan finafinai su ma da alama sun ga matsalar, shi ya sa a G Gundam na 1994 aka sanya wa matuƙi matsattsun kaya, duk motsin da ya yi ƙarfen ya kwaikwaya, a Evangelion na 1995 kuma aka haɗa jijiyoyin matuƙi da na abin da yake tuƙawa, har yana jin zafin saran da aka yi masa. A ganina waɗannan duk kauce wa tambayar ne. Ni tuƙin sanda da feda nake so in ɗanɗana da hannuna.

Ranar da na haɗa ta, sai da na sauke komai daga kan teburin cin abinci, domin kashi uku take zuwa, a ɗaure su da noti su zama allo ɗaya mai faɗi, ga kuma akwatin feda uku a ƙasa. Maɓallai kusan 40 ne, da sanduna biyu, da libar giya mai ribas da firi da lamba ɗaya zuwa biyar, har da abin murɗa tashar rediyo. Abin da ya fara sace mini zuciya shi ne tayar da injin. Sai ka rufe ƙofar ɗakin matuƙi da maɓallinta, ka kunna wuta, ka ɗaga wasu ƙananan makunnai biyar ɗaya bayan ɗaya, ka jira ma'aunai su cika, sannan ka danna na tashi a daidai lokacinsa, fitilun allon suna kamawa a jere. Na yi wannan a daren farko ya fi sau goma ban je ko'ina ba, ni da furfurata.

Da na fara tafiya ne na samu amsar gardamar, ko rabinta. Matuƙi ba ya ɗaga ƙafar ƙarfen, ba ya lanƙwasa gwiwarsa. Kai dai ka sa giya ka taka totur, kwamfutar ciki ce take jefa ƙafa bayan ƙafa, kamar yadda mahayi ba ya gaya wa doki wace ƙafa zai fara ɗagawa. Sandar hagu tana juya jiki, a kanta akwai wata 'yar ƙarama ta babban yatsa da take juya inda kake kallo, sandar dama kuma ita ke saita makami. Ma'ana a lokaci guda kana iya tafiya gabas, idonka yana kudu, bindigarka tana yamma, kuma duk ukun suna jiran kai ɗaya ya yi musu tunani. Idan ka sha kwana da gudu, ƙarfen ya kife da kai. Idan ƙura ta rufe gilashi akwai maɓallin wanki, idan wuta ta kama akwai na kashe gobara, kuma dole hannu ya san wurinsu ba tare da ido ya bar talabijin ba. Mako biyu na yi kafin yatsuna su daina lalube. A wannan gaɓar, da an ce in ba ta maki, da goma bisa goma zan ba ta ba tare da na yi shawara da kowa ba.

Sai daren da abin ya faru. A saman allon ta hannun dama akwai jan maɓallin tsira, wanda yake harbo matuƙi waje idan ƙarfensa ya tashi tarwatsewa, kuma an rufe shi da wani ɗan murfin roba mai haske, irin na jiragen yaƙi. Dokar wasan sananniya ce, na kuma san ta tun kafin in saya: idan aka ragargaza ka ba ka danna shi cikin 'yan daƙiƙun da aka ba ka ba, matuƙinka ya mutu, wasan kuma ya goge ajiyarka, wato duk ci gaban da ka samu a cikinsa, gaba ɗaya. Saboda tsoron wannan doka nake tuƙi a hankali, ina ja da baya tun kafin abu ya ɓaci, har na yi mako uku ban taɓa buƙatar maɓallin ba. A daren nan na kutsa tsakanin abokan gaba biyu, wuta ta kama, ƙararrawa ta cika ɗakin, jan maɓallin ya fara walƙiya. Na kai hannu zan ɗaga murfin, ya ƙi. Na sa farce, na sa ƙarfi, har allon ya ɗaga daga kan tebur, murfin yana nan daram. Ina ji ina gani aikin mako uku ya tafi, da sunan matuƙin da na raɗa masa, wanda sunan marigayi kakana ne.

Da gari ya waye na haska wurin da tocilan, sai na ga maƙalin murfin ya taɓa karyewa, wani ya ɗiga masa gam mai ƙarfi, gam ɗin ya gangara ya liƙe murfin da jikin allon. An ma goge wurin tas don kada ido ya gani. Na kira dillalin da ya nemo mini ita, mutumin da ya rantse mini cewa ya gwada kowane maɓalli da hannunsa, na yi masa bayani cikin ladabi. Amsar da ya ba ni ita ce: "Yallaɓai, ai murfi ne kawai, ado ne, sauran duk ba suna aiki ba?" Wannan magana ta fi asarar ɓata mini rai. Wanda ya san ko da ƙyas game da wannan wasa ya san duk cikin maɓallai 40 ɗin babu wanda ya kai wannan muhimmanci, kuma wanda ya ce ya gwada su duka alhali ɗaya yana liƙe a ƙarƙashin gam, to bai faɗi gaskiya ba. Har yau bai mayar mini da ko kwabo ba, kuma ya daina ɗaukar wayata. Laifina a ciki shi ne ban ɗaga murfin a ranar farko ba, saboda ina lallaɓa shi kada ya karye.

Na yi kwana goma ban kalli inda take ba, na ma ɗauki hotonta da niyyar sayarwa. A cikin fushin ne sauran aibobinta suka dawo mini: ba ta aiki da Xbox na baya-bayan nan, sai tsohon, fedar tana zamewa a kan tayil sai an tokare ta da bango, kuma babu inda za a ajiye ta a gidan da yake da yara. Amma da na huce na gane cewa firgicin da na ji a daƙiƙun nan, hannu yana rawa a kan murfi, shi ne abin da na shekara ashirin ina gani a fuskar matuƙan anime ina ɗauka wasan kwaikwayo ne kawai. Ban yafe wa dillalin ba, sai dai ban sayar ba.

Na kankare gam ɗin da reza, murfin ya fita gaba ɗaya, yanzu jan maɓallin a buɗe yake, abin da ya rage masa kwarjini ƙwarai, har sau ɗaya gwiwar hannuna ta kusa taɓa shi a tsakiyar faɗa. Duk mai niyyar saye, ya sa a ɗauko masa bidiyon murfin nan ana buɗe shi ana rufewa kafin ya tura kuɗi.

Ƙanena ya zo a makon jiya, na zaunar da shi a gabanta. Cikin rabin sa'a ya iya abin da ya ci mini mako biyu, bai kife ko sau ɗaya ba, domin hannunsa ya saba da raba aiki tsakanin sanduna. Da ya tashi na tambaye shi ko yanzu ya yarda. Ya ce, "Yaya, tafiya da harbi na yarda. Amma nuna mini maɓallin da zai ɗauki mutum a tafin hannu." Na duba allon daga wannan gefe zuwa wancan, babu shi.