Ranar da tiyo ya ja mini faɗa a Almeriya

Satina biyu da fara aiki a wata gonar tumatir kusa da garin El Ejido, a lardin Almeriya da ke kudancin Sifaniya, na ga wani layi kamar ya yi yaushi. Ban tambayi kowa ba, na jawo tiyo na sakar masa ruwa yadda muka saba, don mu sai ƙasa ta yi caɓalɓal hankalinmu ke kwanciya. Mai gonar, dattijon da bai cika magana ba, ya sheƙo a guje ya kashe famfo, ya kama hannuna kamar ɗan yaye ya kai ni gaban mita. Lokacin ba na jin yarensu, amma yatsarsa a kan lambobin nan ta ishe ni tafinta. Ni da na tashi da fartanya a hannu, yau ake koya wa ban ruwa a gaban yara 'yan Mali da Maroko! Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da ya huce sai ya durƙusa ya tona da hannu. Yashi a sama, ƙarƙashinsa taki, can ƙasa kuma ƙasar noma da aka kwaso daga wani wuri. Sama a bushe ƙamas, ciki kuwa danshi. Yashin ne ke hana rana shanye ruwan. Siririn bututu na bin gindin kowace shuka yana ɗiga, da takin zamani narke a ciki. Shukar da na ji wa tausayi zafin rana ne kawai ya sa ta lanƙwasa.

'Yan uwa, ruwan saman Almeriya wajen milimita 200 ne a shekara. Shekarar da muke kukan fari har mutane na barin garuruwansu, sau da yawa namu ya fi haka. Amma tun rumfar leda ta farko da aka kafa don noma a cikinta a 1963, yanzu manoman nan sun rufe fiye da hekta 30,000, kuma daga nan Jamus da Ingila ke cin tumatir da hunturu. Zafi ya yi, a shafe rufin da farar ƙasa. Har ƙudan zuma a kwali ake saya don barbarar fure.

Kada ku ce Aljanna ce. Sun zuƙi ruwan ƙasa har gishirin teku ya fara shiga rijiyoyi, yanzu ga su suna tace ruwan teku a garin Carboneras da tsada. Ma'aikata da yawa a bukkokin leda suke kwana wajen wani gari na nan Almeriya mai suna Nijar, kuma cikin rumfar nan da azahar, ni kaina nakan yi kewar iskar fili.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yashi da taki ba su ne suka gagare mu ba. Muna tayar da inji mu tafi hira, ruwa na malala har hanya. Na kira ƙanena na ce ya gwada shimfiɗa yashi a fangali ɗaya tak bana. Ya yi dariya ya ce: "Yaya, yashi kuma? Kai dai yaushe za ka turo kuɗin babban inji?"